Na-Tsaye da Bututu Ɗaya

Duk wanda ya taɓa aiki da Na-Tsaye abu biyu zai faɗa maka a kansa: hannunsa ba ya rawa, ƙafarsa kuma ba ta hutawa. Hannun nan zai ɗebi gari a bakin ɗan cokali ya ratsa ɗaki da shi ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba, amma ka ce ya zauna ya sha shayi, to ka tsokano rigima. A tsaye yake shan shayinsa, a tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraron labarai. In ka ji ba shi da lafiya ka je duba shi, shi maras lafiyan ne zai buɗe maka ƙofa, ya ba ka wuri, ya tafi neman abin da zai kawo maka.

Mahaifiyarsa takan ce tun yana ciki bai bar ta ta rintsa ba, kuma bai tsaya watanninsa sun cika ba ya fito. A makaranta malamai sun gaji da dukansa, sai wani mai wayo a cikinsu ya gano cewa bulala ba ta dame shi ba. Horon da ke sa shi kuka shi ne a ce ya zauna ya naɗe hannu har a tashi. Da ya girma aka kai shi wurin mai gyaran agogo, ya iya aikin tsaf, sai dai bencin ne ya gagare shi. Ya yi kwandasta, ya tsare wa kawunsa shago, kawun ya zo sau uku yana tarar da shagon a buɗe, mai tsaron yana can bakin titi yana taya wani tura mota. Daga ƙarshe dai, da jan ido da faɗan yayansa, ya lallaɓa ya gama kwalejin kimiyya, aka ɗauke shi a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin haɗa magunguna.

Nan ne kifi ya faɗa ruwa. Ɗakin gwaji wuri ne da kullum abu biyar ke neman mutum a lokaci guda: can wani abu na tafasa, nan wani na ɗiga ta takardar tata, sikeli na jira, tanda ta yi ƙara, an ƙwanƙwasa ƙofa an kawo sabon samfur daga sito. Abin da ke sa wasu ciwon kai shi ne abincinsa. Yana kai-komo tsakanin teburan, farar rigarsa na bin sa a baya, har gashin kansa ya yi furfura bai taɓa neman canjin aiki ba.

Aiki ɗaya ne a ɗakin ba ya son mai ƙaiƙayin ƙafa, shi ne gwajin narkewa. Duk garin da aka kawo don haɗa magani sai an tabbatar shi ne, kuma ba a gauraya shi da wani abu ba. Kowane sinadari yana da zafin da yake narkewa a kai. Sai a ɗura ɗan kaɗan a wani siririn bututun gilashi mai kaurin tsinken tsintsiya, a zura shi cikin ramin wani ɗan ƙarfe mai ɗaukar zafi, a kafa ido a gilashin leƙe mai ƙara girman abu, wuta tana hawa a hankali, digiri ɗaya a minti. Lamba biyu ake nema a ma'aunin zafi: inda ɗigon ruwa na farko ya bayyana, da inda ƙwayar ƙarshe ta ɓace. In garin zalla ne, tazarar ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu. In akwai gauraye a ciki, sai ya fara narkewa da wuri ya yi ta jan ƙafa. Idan kuwa ka ɗauke ido a daidai lokacin, shi ke nan, ka dawo ka tarar da ruwa, ruwan kuma ba zai gaya maka yaushe ya zama ruwa ba.

Na-Tsaye bai taɓa shan wahalar wannan ba, don akwai dabarar da kowa ke yi, shi kuwa ya mai da ita addini. Bututu biyu yake ɗurawa. Na farko ya sakar masa wuta a guje, ya narke cikin ɗan lokaci, ya ga wajen da abin yake. Na biyu sai ya kai zafin kusa da wurin, sannan ya rage wuta, ya duƙa a kan gilashin, hannu ɗaya a kan tebur, ƙafa ɗaya tana buga ƙasa. Kafin haƙurinsa ya ƙare aiki ya ƙare. Sakamakonsa kuma ba a taɓa mayar da shi ba.

Mai sito, abokin tsokanarsa tun suna samari, yakan leƙo ya ce, "An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kai ga shi kullum kana dafa dutse, haƙurin ne dai ban taɓa ganin inda kake ajiye shi ba."

"Yana sitonka," in ji Na-Tsaye. "Na ba ka ajiya ka ɓatar."

A wurin aiki abin dariya ne. A gida ba kullum yake ba da dariya ba. Matarsa ta daɗe da koyon yi masa magana a gutsure, ta faɗi mai muhimmancin tun yana saka takalmin farko, don na biyun ba ya jiran kowa. Ƙananan yaran sun ɗauke shi yadda yake, kamar yadda ake ɗaukar iska. Babbar 'yarsa ce abin ya zauna wa a rai. Ita ce yake kira Uwata, ita ce kuma ta fi kowa shiga zuciyarsa, wannan ba wanda ya isa ya musa. Amma ranar da makarantarsu ta yi bikin ba da kyaututtuka, ita ce ta ɗaya a kimiyya, aka fara kiran suna daga ƙananan azuzuwa. Ya yi ta mutsu-mutsu a kujera, ya ce bari ya sha iska ya dawo. A waje ya tarar da wani bawan Allah babur ya ƙi tashi. Ko da ya dawo da baƙin mai a hannu, an gama tafi, yarinyar tana saukowa da littafinta a ƙirji tana duban gurbin da ke kusa da uwarta. Ya saya mata agogo washegari. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, daga ranar kuma ta daina gaya masa ranakun abubuwanta.

Ga ikon Allah, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kimiyyar sinadarai ta karanta. Sai dai ita halin uwarta ta ɗauko, tana iya wuni a kan abu ɗaya. Ta yi aure, ta haihu, ta koma jami'a karatun gaba. Bincikenta a kan saiwar wani ɗan itace ne da ke fitowa a gefen rafi, wadda sau ɗaya a shekara ake samunta da ƙarfinta, bayan ruwan sama ya ɗauke. Buhu-buhu ta tono, ta shanya, ta daka, ta jiƙa, ta tace, ta sake tacewa, shekara tana bin shekara. Ana cikin haka aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ya tafi shi kaɗai, ita ta dawo gidan iyayenta da ɗanta a kan cewa da ta gama za ta bi shi. Duk buhunan nan abin da suka haifar shi ne wani ɗan farin gari a gindin kwalba, wanda bai rufe farcen babban yatsa ba.

Wata safiya ta tare shi a bakin ƙofa, inda ta san nan ne kawai ake kama shi.

"Baba, na'urarku ta gwajin narkewa tana aiki?"

"Tsohuwar? Ta fi ni lafiya."

"Tamu ta ƙone, kuma ba ranar gyara. Malamina ya ce ba zai aika garina babban ɗakin bincike ba sai na nuna masa zalla ne. In zalla ne, a aika, in rubuta, in gama. In ba zalla ba ne, abin da ya rage bai isa a sake tacewa ba, sai dai in jira saiwar baɗi. Na bututu ɗaya kawai zan iya cirewa."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Ɗaya? Ba na gwajin farko?"

"Babu."

"Kin san wajen da zai narke?"

"Da na sani ai da ba bincike ba ne, Baba."

Lissafin ya zo masa nan take, ya ji bayansa ya amsa. Garin da ba a san shi ba, kuma ba bututun da za a sadaukar, ma'anarsa a fara daga ƙasa a yi ta hawa digiri ɗaya a minti, ido a gilashi, har sai abin ya ga dama. Yana iya narkewa da wuri, yana iya kai mutum awa uku.

"Ranar Asabar ba kowa," ya ce. "Zan gaya wa oga. Ni zan duba miki."

"Na'urar kawai nake so. Ka buɗe mini ɗakin, ka je harkokinka."

"Uwata, idon da ya saba daban ne. Ɗigon farko ba kowa ke kama shi ba."

Ta dube shi, ba da raini ba, ba da fushi ba, yadda ake duban sama a faɗi ko za a yi ruwa. "Baba, ba za ka iya zama ba."

Mutane da yawa sun faɗa masa wannan maganar, daga malamai har surukai, yana dariya. Ranar bai yi dariya ba. Ta yi masa ciwo ƙwarai, don ba zargi a cikinta. Ya saka takalmin ya fita, ya kai bakin titi, ya juyo ya dawo.

"Tsohuwar na'ura ce, ma'auninta a sama yake. Mai bututu ɗaya ba ya raba idonsa biyu. Ke ki riƙe ma'auni da wuta, ni in riƙe gilashi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta daga cikin ɗaki ta ce, "Ki bar shi ya yi." Sai ta bar shi.

Ranar Asabar bai sha shayi ba, ko ruwa kurɓa ɗaya ya yi. Matarsa ta dubi kofin, ta dube shi, ta ce, "Lallai yau akwai magana," ta ɗauke abinta.

Ɗakin gwaji ranar hutu wani iri ne. Ba abin da ke tafasa, ba abin da ke kiran mutum, sai warin sabulun wanke kwalabe da ƙarar firij. Ta fito da 'yar kwalbar daga cikin auduga. Ya zuba ɗan mitsitsi a kan gilashi, ya murƙushe shi ya yi laushi, ya dangwala bakin bututun a kai. Sai ya ɗauko wani dogon bututu ya tsayar a kan tebur, ya riƙa sako ƙaramin ta cikinsa yana faɗowa yana tsalle, har garin ya sauka gindi ya daddanne. Ya ɗaga shi wajen haske. Duk shekarun yarinyar nan ga su nan, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya zura shi a ramin, ya kunna 'yar fitilar ciki, ya miƙa mata wayarsa ya ce ta kashe. Sannan ya jawo kujera ya zauna, ya kafa ido.

"Bismillah. Murɗa kaɗan."

A cikin gilashin garin ya zama wani farin tudu, haske na dukansa ta gefe. Ba ya motsi, ba ya niyyar motsi.

"Arba'in," in ji ta.

Kafin su kai hamsin ya gano famfon da ke kusurwa yana ɗiga. Shekara da shekaru yana ɗakin nan bai taɓa jin sa ba, yau kuwa kamar a cikin kunnensa. Ya san robar ce ta cinye, ya san aljihun teburin da sabuwa take, aikin da bai fi a buɗe a rufe ba. Wuyansa ya fara tsami. Hancinsa ya yi ƙaiƙayi, ya sosa ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Baba, ƙafarka. Teburin na girgiza."

Bai ma san tana yi ba. Ya sa hannu ya danne gwiwar, sai ɗayar ta karɓa. Ya harɗe su a ƙafar kujera.

"Sittin da biyar."

A waje wani ya fara tayar da mota. Ta yi tari ta mutu, ta sake tari ta mutu. Daga jin ƙarar ya san kan batir ne ya saki, kuma mutumin sai ƙara murɗa makulli yake yi, zai kashe batirin gaba ɗaya. Wallahi da a tsare mutum a nan gara a ba shi buhu ya ɗauka. Duk jikinsa ya karkata wajen taga, idon ne kaɗai ya rage a wurin.

"In ka gaji ka ba ni," ta ce.

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Gumi kake yi."

"Zafin na'ura ne."

"Na'urar ko ruwan shayi ba ta tafasa ba tukuna."

Ya yi tsaki, ta yi 'yar dariya, ita ce ta farko tun safe. Motar dai ta haƙura ta yi shiru. Suka wuce tamanin, suka wuce casa'in. Idonsa na dama ya fara ruwa, ya koma na hagu da sauri, gabansa na faɗuwa kada a ɗan tsakanin nan abin ya faru. Tudun na nan yadda yake.

"Yi mini magana," ya ce. "Ko mene ne. Kunnena ba ya aikin komai."

Da farko ba ta san me za ta ce ba. Ba su saba ba, hirarsu duk ta bakin ƙofa ce. Sai ta fara da saiwar, yadda ake tono ta da sassafe ƙafa cikin laka, da yadda warinta ke kama tufafi har ɗanta ya ƙi yarda ta ɗauke shi. Ta ba shi labarin shekara ta biyu, da zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti, ta fito ta tarar duk abin da ta shanya ya yi funfuna, ta zubar da shi da hannunta.

"Asibiti? Yaushe?"

"Ka zo ai. Ka kawo lemo."

Ya tuna lemon. Ya tuna ƙofar ɗakin da labulen. Bai tuna fuskarta a kan gadon ba, don bai shiga ciki sosai ba, kuma maganar funfuna yau ya fara ji.

"An gaya maka," ta ce, kamar ta ji abin da ke ransa. "Kana sauri."

Da a ko'ina ne, nan ne daidai inda zai tuna yana da wani uzuri. Ƙafafunsa har sun kwance kansu daga kujerar. Kunya ta rufe shi, ga shi ba halin sunkuyar da kai, ba halin kau da fuska. Ya zauna ya sha ta a haka, ido ɗaya a buɗe.

"Ci gaba," ya ce.

Ta ci gaba. Ta ce yaron ya fara kiran duk mai gemu baba. Ta ce mijinta ba ya ƙorafi, kuma rashin ƙorafin ya fi damunta, don ta waya ma tana jin yadda gidan yake shiru. Ta ce ta riga ta ɗaure wasu kayan a kwali. Tsakanin magana da magana tana faɗin lamba, tana taɓa abin murɗa wutar kaɗan-kaɗan. Ɗari da ashirin. Ɗari da arba'in. Rana ta matso ta taga ta hau bayansa. Ƙugunsa ya daina ciwo ya koma kamar ba nasa ba. Yanzu ɗumin ƙarfen na bugun goshinsa da gaske.

A ɗari da saba'in da 'yan kai, tudun ya motsa. Ba narkewa ba ce, ɗan tsukewa ne, garin ya janye jikinsa daga bangon gilashin.

"Yi shiru," ya ce. "Ya kusa. Kada ki taɓa wutar."

Ya ji ta gyara tsayuwa, ya ji murfin biro ya faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka.

"Ɗari da saba'in da bakwai."

Sai ga shi. Can ƙasa ta gefen hagu, wani ɗan ƙyalli, ɗigo ɗaya da bai kai kan allura ba. Ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya kuma ga abin da ya fi wannan: sauran tudun ko gezau. Garin da yake zalla in ya fara, gaba ɗayansa ke jiƙewa ya rushe. Wannan kuwa gefe ɗaya ya yi gumi, sauran na tsaye ƙiƙam. Ya ga irinsa ba adadi, kuma ya san inda zancen zai ƙare.

Ba wanda ya ga ɗigon nan sai shi. Ita ma'auni take kallo, bakinsa take jira. In ya yi shiru na ɗan lokaci, ya bari sai tudun ya fara rushewa sannan ya yi magana, tazarar za ta fito digiri biyu cif. Ta rubuta, ta yi murna, ta kira mijinta tun kafin su fita daga ɗakin. Mutumin da duk rayuwarsa ake roƙo ya jira, yau jiran ne ya zo masa da sauƙi, har da daɗi. Ya so ya ga wannan murnar, ya so ta fiye da yadda ya taɓa son wani abu. Amma ya san sauran garin za a aika, can kuma na'urorinsu ba su da 'ya, za su fito da gaurayen ƙarara bayan an ƙarar da ɗan abin da ya rage, lokacin tono ya wuce, ta yi asarar shekara biyu maimakon ɗaya. Kuma ba don ya faranta mata ta bar masa gilashin ba.

Ɗigon ya ƙara faɗi kaɗan.

"Ya fara," ya ce.

"Ɗari da saba'in da takwas." Biro ya yi ƙara a kan takarda. "Saba'in da tara. Baba?"

"Da saura."

"Tamanin."

"Da saura."

Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, ita ma ta san lissafin. Ta dai ci gaba da karantawa, don aikinta ke nan, kowace lamba tana fitowa ƙasa da wadda ta gabace ta. Tamanin da biyu. Tamanin da uku. A cikin gilashin wasu 'yan ƙwayoyi na yawo a cikin ruwan, sun ƙi tafiya. Yana kallonsu yana roƙonsu a zuci, duk da ya san roƙon ba shi da sauran amfani.

"Tamanin da shida."

"Ya gama."

Ta rubuta. Ta kashe wutar. Ya ɗago kai, wuyansa ya yi ƙara, ɗakin ya yi masa dishi-dishi, da'irar haske na bin duk inda ya duba. Da ta washe sai ya ga 'yarsa a kan dogon bencin da ke jikin bango, takardar a cinyarta, tana kallon lambobin biyu.

"Digiri takwas," ta ce. "Ka tabbata da na farkon?"

"Na tabbata."

"Ba tsukewa ka gani ba?"

"Tsukewar daban na gan ta. Ɗigo ne, Uwata."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa, sai hawaye suka zubo, ba sauti, ba ta ko share ba.

Ya miƙe. Jini ya sauko masa ƙafa kamar ana tsira masa allurai, kuma nan take abubuwan yi suka taso masa gaba ɗaya. A samo mata ruwan sanyi. A je a nemo mota. A kira uwarta. A gyara famfon nan. Kowannensu abu ne mai kyau, kowannensu kuma ta ƙofa ake bi a yi shi. Har ya kai hannu aljihu yana laluben makulli.

"Ka je, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka yi ƙoƙari. Zan rufe in kawo maka makullin."

Ya dubi ƙofar. Ya dubi na'urar, ƙarfen na ta 'yar ƙara yana sakin zafi. Ya zo ya zauna a bencin kusa da ita, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu.

"Ba a rufe ta da zafi," ya ce. "Sai ta huce."

Ta san na'ura ba ta bukatar mai gadi kafin ta huce, ta kuma san ya san ta sani. Can ta share fuska da gefen mayafinta, ta ɗaga kai ta dubi ma'aunin.

"Ɗari da saba'in," ta ce.

"Da saura," in ji shi.